Farin Dutse a Gindin Sanya

Allah da ya ba mu aronta ya karɓi abinsa, kuma hanyar da ta bi ita dukkanmu za mu bi. Matar wana ta rasu ranar wata Talata da hantsi, a tsakiyar bazara, a ɗakinta na nan Zuru, bayan ta sha kunu ta ce za ta ɗan kishingiɗa. Ni ƙanin mijinta ne, tsohon sufeton makarantu, kuma ni ne babban namijin da ya rage a gidan. Saboda haka a gabana aka shimfiɗa tabarmin makoki, ni na riƙa karɓar gaisuwa.

Na halarci makoki da yawa a rayuwata, amma ban taɓa ganin wanda masu ɗingishi suka cika kamar wannan ba. Tun kafin a dawo daga maƙabarta ƙofar gida ta cika da sanduna. Ƙaninta, dattijon majami'a ne a Dabai, ya zo da matan zumunta cikin zannuwansu iri ɗaya, suka zauna gefen matan unguwarmu, aka rasa bambance kukan wannan da na waccan. Wani dattijon Bafillace daga wajen Wasagu ya ajiye ƙwaryar man shanu a gabana, ya ce, "Malam, duk bazara nakan kawo wa Inna wannan. Bana na iso na tarar babu hannun da zan miƙa wa." Sai wani tsohon soja, abokin wana tun suna bariki, wanda aka yanke wa ƙafar hagu daga gwiwa, ya jingine sandunansa, ya zauna da ƙyar, bai ce mini ya haƙuri ba. Abin da ya ce shi ne, "To, Sufeto, yanzu wa zai shafa mini ƙafar da babu?"

Ranar sadakar uku ɗiyarta ta kira ni cikin gida. Ita kaɗai Allah ya bar mata, tana aure a Ribah. Ta buɗe mini 'yar tukunyar ƙasa da uwarta ke ajiye man shafawa a ciki. Abin da ya rage bai fi a lakata da yatsa sau goma ba.

"Baffa," in ji ta, "mata sun dame ni da tambaya. Daka na iya, haɗi na iya, na san yawan kanwar da take zubawa. Amma saiwar, ban san inda take haƙo ta ba. Kullum na tambaya sai ta ce lokacina bai yi ba, tana da jakin da ke ɗaukar mata dagi."

Na ce, "Ni ne jakin."

Ta rufe baki da mayafi, dariya da kuka suka haɗu mata.

Ga yadda al'amarin yake. Itacen da ake samun saiwar guda ɗaya ne ya rage, yana can kan dutse bayan Dabai. Ana haƙarsa sau ɗaya a shekara, kafin ruwan farko, kuma a ranar nan gajimare ya riga ya fara taruwa ta gabas. A doron ƙasa ni kaɗai na san hanya. Dalilin da ya sa ni kaɗai na sani abin kunya ne gare ni, kuma zan faɗe shi, domin ba za a san ko ita wace ce ba sai an ji shi.

'Yar mutanen dutse ce. Da harshen C'lela ta tashi, Hausa kuwa a bariki ta ƙarasa koyonta, inda wana ya kai ta bayan aure. Har ta tsufa in rai ya ɓaci da harshen iyayenta take faɗa, in kuma za ta yi ba'a sai ta dawo Hausa don kada ta wuce ni. Wasan da ke tsakanin mace da ƙanin mijinta mun yi shi fiye da shekara hamsin ba mu gaji ba. Ni ina kiranta Uwargida. Ita kuwa tana ce mini mijin ajiya. In na shigo da babbar riga sai ta ce, "Ku ba mijin ajiya kujera, kada ƙasa ta taɓa iliminsa."

Sanin magani a wurin kakarta ta gada, kuma fanni ɗaya ta tsaya a kai, wato ciwon jijiya da ya daɗe a jiki: wanda ke tasowa daga kwankwaso ya bi bayan cinya har diddige, da wanda ke sa tafin ƙafa zafi kamar an taka garwashi, da wanda ke sa mutum ya ji kamar tururuwa na yawo a ƙarƙashin fatarsa. In aka kawo mata mai zazzaɓi ko mai karaya sai ta ce, "Wanga ba nawa ba ne, ku yi gaba."

Aikinta a fili yake, ba ta rufe ƙofa. Takan feƙe ɓawon saiwar sanya, itacen nan da wasu ke kira uwar magunguna, ta shanya a inuwa, domin a cewarta rana ɓarauniyar ƙamshi ce, kuma ƙarfin sanya a ƙamshinta yake. In ya bushe a daka shi da citta. Sai ta soya jar kanwa a kasko har ta yi gari, ta haɗa duka a cikin man kaɗanya mai ɗumi, tana juyawa da tsinke har ya daskare. Wanda ba ya son warin kaɗe sai ta yi masa da man shanu. Kafin ta shafa, takan tsoma wani faffaɗan dutse a tafasasshen ruwa, ta naɗe shi da tsumma, ta gasa wurin, sa'an nan ta bi jijiyar da babban yatsa daga sama zuwa ƙasa. Babban yatsan nan nata ya sa manyan sojoji kiran iyayensu mata.

Ba ta taɓa yi wa kowa alkawarin warkewa ba. Abin da take cewa shi ne, "Ni ba na kashe ciwo. Ladabi nake koya masa, ya san lokacin da zai yi magana da lokacin da zai yi shiru." Kuma ba ta barin mutum ya fita da man sai ta kama kunnenta ta ce, "Na shafawa ne. Sanya ba ta shiga ciki. Wanda ya sha, ruwansa." Akwai kunun kanwa da take damawa da ɗan ungurnu don masu sanyin jiki, amma in ta ga ƙafar mutum ta kumbura, ko ya ce yana da hawan jini, ko ɗanɗano ba za ta ba shi ba. Na ga ranar da wani attajirin hatsi ya zo da ƙafafu sun mutu, ba ya jin ƙaya in ta soke shi. Ta tambaye shi sau nawa yake fitsari, ta duba wani ƙurji a yatsansa da ya ƙi warkewa, sai ta rufe tukunyarta. Ta ce, "Alhaji, tafi asibiti a auna jininka yau, kada ka kai gobe. In likita ya gama nasa ka dawo in yi nawa." Ya fita yana faɗa, wai an wulaƙanta shi. Bayan wata biyu ya dawo da ƙafafunsa biyu da buhun dawa, ya durƙusa.

Tsohon sojan nan kuwa, shekaru ya yi yana jin zugi a yatsun ƙafar da aka binne tun yana saurayi. Mutane suna cewa taɓin hankali ne, har matarsa ta daina saurarensa. Matar wana ba ta yi masa dariya ba. Ta tambaye shi, "Wane yatsa ne?" Ya ce babban. Ta ce, "To miƙo shi." Ta gasa dungun, ta shafa, ta kuma ci gaba da bin iska da hannunta har inda diddige ya kamata ya kasance. Duk Alhamis yake zuwa. Na taɓa ce mata, "Uwargida, man da kike ɓatawa a kan iska fa?" Ta ce, "Kai da ka yi karatu, in mutum ya ce wuri na masa ciwo, kai ka fi shi sani?"

Nawa ciwon ya same ni ina kusa da barin aiki. Shekarun da na yi a kan babur ina zagaya makarantun ƙauye, daga Zuru zuwa Wasagu da abin da ke bayanta, su suka taru a kwankwasona na dama. Na sha ƙwayoyin asibiti, sukan kwantar da shi kwana biyu ya dawo. Na yi wata uku ina sallah a zaune kafin girman kai ya bar ni na shiga ɗakinta. Ta dube ni ta ce, "Ashe ilimi ba ya hana ɗingishi." Mako shida tana gasa ni tana shafawa. Ban warke sarai ba, har yau ciwon yana nan, amma na koma yin sujada kamar kowa, kuma wanda bai taɓa rasa sujada ba ba zai san girman wannan ba.

Da bazara ta zo sai ta ce in bi ta, wai ya kamata mai ciwo ya ga itacen da ke masa hidima. Muka hau dutsen bayan Dabai, sama da tsohuwar gonar mahaifinta. A wancan lokaci itatuwan biyu ne, babba da ƙarami, suna tsaye a wani lungu tsakanin duwatsu, sun yi fure mai ruwan shuni, ƙamshi ya cika wurin. Ta ce na kwari duk masu gawayi da masu faɗaɗa gona sun gama da su, wanda ake sayarwa a kasuwa kuwa ya sha rana, itace ne kawai. Ta haƙa kaɗan, ta yanki saiwa uku da ba su fi tsawon hannu ba, ta mayar da ƙasa. Ni kuwa ina zaune a inuwa ina fifita da hula, ina raina abin a zuciyata. Duk wannan hawa saboda saiwa uku!

A nan na yi kuskuren da na fi nadama a rayuwata, kuma da niyyar alheri na yi shi. Na ga tsohuwa tana wahala, na ga mutane suna komawa hannu wofi in man ya ƙare, na ce bari in nuna mata yadda mai tsari ke aiki. Ban shawarce ta ba. Na ɗauki 'yan ƙwadago biyu, baƙi 'yan cirani, na kai su wurin, na ce su tone babban itacen su fito da saiwar duka. Muka cika buhu biyu. Na sa aka sauke su a tsakar gida, na gyara riga, na ce, "Uwargida, ga na shekara biyar. Ki huta."

Ta kwance bakin buhu. Ta ciro uwar saiwar, mai kaurin cinyar mutum, ta riƙe ta kamar an miƙo mata gawar jariri. Ta yi magana mai tsawo da C'lela wadda ban fahimta ba, na kuma gode wa Allah da ban fahimta ba. Sa'an nan ta juyo da Hausa.

"Kakata ta ci daga itacen nan. Uwata ta ci. Ni na ci shekara talatin, bai taɓa sanin an taɓa shi ba. Kai rana ɗaya ka gani."

Na ce, "Ai don in sauƙaƙa miki ne."

"Mi ka sauƙaƙa? Ƙamshin wanga ba ya wuce shekara. Baɗi buhunka itacen wuta ne. Jikokin masu ciwo kuma su shafa mi, takardunka?"

Damina guda ba ta sakar mini fuska ba. Tuwo yana zuwa ɗakina kamar kullum, man shafawa ma ba ta yanke mini ba, takan aiko da shi. Amma ba'a ta ɗauke. In na shigo sai ta ce, "Sannu da zuwa, Malam," da ladabi irin na baƙo. Ban san akwai hukuncin da ya kai ladabi zafi ba sai a daminar nan. Wana, Allah ya jiƙansa, ya ce mini, "Ni na yi yaƙi, amma wannan ba zan shiga ba." Abin da ta faɗa kuwa ya tabbata. Kafin shekara ta zagayo saiwar buhu ta zama ba ta da ƙamshi ko kaɗan, da ita aka hura wutar dafa wake.

Da bazara ta dawo, wata safiya na ji an jefo dagi a ƙofar ɗakina. Ta ce, "Mijin ajiya, tashi. Tunda hannunka na ƙaiƙayi, zo in nuna masa inda zai sosa." Ban taɓa jin daɗin zagi kamar na ranar ba.

Tun daga ranar ba ta sake nuna wa kowa wurin ba, har ɗiyarta, domin ta ga abin da nunawa ta jawo. Ni kuwa ta ce tunda na riga na sani, hukuncina shi ne in ɗauki dagi duk shekara. A nan na koyi abin da na kasa gani ina fifita da hula. A gindin itacen akwai wani farin dutse, girman kan jariri. Ba a haƙa sai gefe ɗaya a shekara, kuma ba a kusantar uwar saiwa, sai 'yan ƙananan da suka bazu. In an yanka a shafe bakin yankan da danyar ƙasa, a mayar da rami, a taka. Sa'an nan a ɗauko farin dutsen a ɗora a kan wurin da aka haƙa. Dutsen yana nufin nan akwai rauni, kada a taɓa. Baɗi sai a koma ɗaya gefen. Dalilin yin haka kafin ruwan farko kuwa, don damina ta zo ta yi jinyar itacen.

Shekara goma sha bakwai muna wannan hawa, tsohuwa a gaba, sufeto a baya da dagi a kafaɗa. Manoman Dabai sukan tsaya su gaishe mu suna danne dariya. Bara ta hau da ƙyar, muna tsayawa tana haki. Da muka gama ta zauna a kan dutse ta ce, "Kai ɗaga shi yau." Shi ne karo na farko da ta bar ni na taɓa farin dutsen. Na ɗauka gajiya ce.

Bayan sadakar bakwai na kira ɗiyarta na zaunar da ita. Ƙafata ta tsananta saboda zaman makoki, na yi niyyar in kwatanta mata hanya daga kan kujerata, ta tafi da ƙanin uwarta. Na fara: a bi ta bayan gonar kakanki, a bar tsamiya a hannun hagu, za ki ga lungu, za ki ga farin dutse a gindin itacen.

Ta ce, "Na gane, Baffa. Ka zauna abinka. Dama ƙafar nan taka ba za ta iya dutse ba."

Tsohon sojan yana gefe, ya zo gaisuwa. Ya ce, "Gaskiyarta. Sufeto ya zama na kujera. In da ni ne mai ƙafa biyu..."

Na ce a kira mini ɗan kabu-kabu. Ba zan yi ƙaryar cewa hikima ce ta tashe ni ba. Girman kai ne, wanda ya kashe itacen farko, shi ne dai ya ɗora ni a kan babur.

Washegari da sassafe muka isa Dabai. Ƙanin marigayiya ya raka mu har gindin dutse, ya ce daga nan ba zai wuce ba, yayarsa ba ta taɓa gayyatarsa ba tana da rai, ba zai hau bayan ranta ba sai ɗiyarta ta gayyace shi wata shekara. Muka hau mu biyu. Hawan da muke yi cikin sa'a ɗaya ya ɗauke ni kusan uku. Jijiyar tana ja tun daga kwankwaso kamar ana zare igiya mai wuta, sau biyar ina zama. Ɗiyar marigayiya ta ce mu koma. Na ce ta riƙe dagi ta yi shiru. Iska ta fara kaɗawa da ƙamshin ruwa, sama ta yi baƙi ta gabas.

Tun kafin mu ga itacen muka ji ƙamshinsa. Ya yi fure fiye da kowace shekara da na sani. Na zube a inuwa ina mayar da numfashi, idona a rufe. Sai na ji ƙarar ƙarfe a kan ƙasa. Na buɗe ido na ga ta ture farin dutsen gefe, ta ɗaga dagi za ta sake sara daidai inda yake.

"Tsaya!"

Ta tsaya da dagi a sama. "Baffa, ba nan ne alamar ba? Ka ce in nemi farin dutse."

Kowa abin da zai ɗauka ke nan, kuma ni na faɗa mata rabin magana daga kan kujera. Da na zauna a gida, da ta sari raunin bara, ta bar itacen da ciwo biyu a gefe ɗaya, ga shi shi kaɗai ya rage. Na ja jiki na isa wurin, na mayar da ƙasar da ta tona da tafin hannuna. Na zagaya da ita ɗaya gefen, na nuna mata inda za ta sa dagi, da nisan da za ta bari tsakaninta da gindi, da irin saiwar da ake yanka da wadda ba a taɓawa. Na kuma faɗa mata labarin buhu biyu tun daga farko, ban rage komai ba, na nuna mata ramin da babban itacen ya bari, wanda har yau bai cike ba.

Ta yanki saiwa uku. Ta shafe bakin yankan da danyar ƙasa, ta mayar da rami, ta taka. Ta miƙo mini farin dutsen.

Na ce, "A'a. Ke za ki ɗora."

Ta ɗora shi. Muna gangarowa ɗigon farko ya sauka a kan hulata.

An daka saiwar, an soya kanwa, tukunya ta cika. Ɗiyata ta shirya da mijinta za ta riƙa zuwa daga Ribah duk mako. Ranar Alhamis da ta wuce tsohon soja ya zo, ta tambaye shi wane yatsa ne, ya ce babban, ta ce ya miƙo shi.

Ya Allah, ka jiƙan baiwarka, ka yalwata mata makwanci, ka sanyaya shi kamar yadda ta sanyaya jijiyoyin bayinka. Ka yafe mata, ka yafe mini itacen da na kashe. Uwargida, bana dutsen yana yamma. Baɗi in Allah ya kai mu gabas za a haƙa, kuma mu biyu muka sani yanzu.